Bikin Seafair: Wa ke biyan kuɗin wasan jiragen yaƙi da tseren jiragen ruwa, kuma me ake tallatawa?

A watan Agustan 1955, dubun-dubatar mutane sun yi cincirindo a gaɓar Tafkin Washington da ke birnin Seattle, a arewa maso yammacin Amurka, suna kallon tseren jiragen ruwa. Ana cikin haka sai ga wani ƙaton jirgin sama ya bayyana. Umarnin da aka bai wa matuƙinsa, Tex Johnston, shi ne ya gilma ta saman taron ya wuce. Maimakon haka sai ya mirgina jirgin har cikinsa ya kalli sama, ya daidaita shi, sannan ya juyo ya sake maimaitawa.

Jirgin shi ne samfurin gwaji guda ɗaya tilo da kamfanin Boeing ya kashe dala miliyan 16 wajen ƙerawa, wanda daga jikinsa aka samar da Boeing 707. Shugaban kamfanin, Bill Allen, yana cikin wani jirgin ruwa a tafkin tare da manyan baƙi daga kamfanonin sufurin sama na duniya. Da ya kira matuƙin ya tambaye shi abin da ya kai shi ga wannan kasada, amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce, tallar jirage yake yi.

Kimanin shekara 70 ke nan da faruwar wannan lamari, kuma har yau amsar tana bayyana bikin Seafair fiye da duk wata takardar talla da masu shirya shi ke fitarwa. Biki ne na gaske, wanda iyalai ke ɗokin zuwansa tun farkon shekara. Kasuwa ce kuma, inda kamfanoni ke tallata sunayensu, birni ke tallata kansa, rundunar soji kuma ke tallata aikin soja ga matasa. Wannan rubutu ya yi bayanin yadda bikin ke gudana, da inda kuɗinsa ke fitowa, da dalilin da ya sa wasu mazauna birnin ke neman a dakatar da wani ɓangare nasa.

Mene ne Seafair, kuma me mai halarta zai tarar?

Seattle yana jihar Washington, wadda ke gaɓar Tekun Fasifik, nesa ƙwarai da birnin Washington fadar gwamnatin Amurka. Ruwa ya saka birnin a tsakiya: mashigin teku daga yamma, Tafkin Washington daga gabas. Mafi yawan watannin shekara hadari da yayyafi ne ke mulki, sai a Yuli da Agusta gari ke washewa, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. A cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokacin zafi ake gudanar da bikin.

An fara shi a 1950, a daidai lokacin da birnin ke shirin cika shekara 100 da saukar Turawan farko a gaɓar Alki a 1851, a ƙasar ƙabilar Duwamish, wadda daga sunan shugabanta, Si'ahl, birnin ya samo nasa sunan. A yau bikin yana ɗaukar makonni da dama. Akwai ranar da wasu mutane cikin shigar 'yan fashin teku ke sauka a gaɓar Alki don nishaɗantar da yara. An sha yin gasar kwale-kwalen da aka haɗa da kwalayen madara a tafkin Green Lake. Akwai babban jerin gwanon da ake yi a tsakiyar gari, da makon da jiragen ruwan yaƙi ke shigowa tashar birnin a buɗe su ga jama'a su shiga su gani. Ƙololuwar bikin ita ce kwana uku na ƙarshe, galibi a ƙarshen makon farko na Agusta, lokacin da ake haɗa tseren jiragen ruwa da wasan jiragen sama a wuri ɗaya.

Wanda ya je zai lura cewa 'yan kallo sun kasu uku, kuma aljihu ne ya raba su. Akwai masu sayen tikiti su shiga filin Genesee Park, kusa da inda ake gyaran jiragen tsere. Akwai masu jiragen ruwa na kansu, waɗanda ke biyan kuɗi gwargwadon tsawon jirginsu su ɗaure shi a jikin wani dogon jerin gungumen itace da ake shimfiɗawa a gefen fagen tseren, su wuni suna kiɗa da ci da sha. Sai kuma mafi yawa, waɗanda ke shimfiɗa zani a kan tuddai da wuraren shaƙatawa da rufin gidaje suna kallo ba tare da sun biya ko sisi ba, domin babu mai iya kewaye sararin sama da katanga. Iyaye kan sanya wa ƙananan yara abin toshe kunne. Hanyoyin unguwannin da ke kusa kan cushe tun da safe, shi ya sa da yawa ke zuwa a jirgin ƙasa na cikin gari.

Daga ina tseren jiragen ruwan ya samo asali?

Jiragen da ke wannan tsere, waɗanda ake kira haidirofilen, sun fi kama da fiffiken jirgin sama a kan kwale-kwale. Tsawon kowanne ya kai wajen mita tara, nauyinsa kusan tan uku. Idan ya ɗauki gudu, iskar da ke shiga ƙarƙashinsa ce ke ɗaga shi, abin da ke taɓa ruwa bai wuce ƙarshen ƙafafunsa biyu na gaba da rabin farfelar baya ba. Gudunsa kan kusanci kilomita 320 a awa, yana watsa ruwa sama a bayansa kamar jelar zakara.

Labarinsu a Seattle ya fara ne ranar 26 ga Yunin 1950, lokacin da jirgin Slo-mo-shun IV, mallakar wani dillalin motoci mai suna Stan Sayres, ya kafa tarihin gudu a kan ruwa na duniya a Tafkin Washington, da kimanin kilomita 258 a awa. Ted Jones, ma'aikacin Boeing, shi ya zana jirgin. A wannan shekarar dai jirgin ya je Detroit ya lashe gasar Gold Cup, kuma bisa ƙa'idar wancan zamani, wanda ya ci shi ke karɓar baƙuncin gasar gaba. Ta haka tseren ya zo Seattle a 1951 ya haɗe da Seafair. A wancan lokaci birnin ba shi da wata babbar ƙungiyar wasa ta ƙwararru, don haka matuƙan jiragen tsere suka zama gwarzayen gari. Yara kan sassaƙa ƙananan jirage na katako su ɗaura a bayan keke suna ja a titi.

Tun daga tushe tseren yana da alaƙa da yaƙi. Injinan farko, irin su Allison da Rolls-Royce Merlin, ragowar injinan jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu ne da aka riƙa sayarwa da araha. Akasarin na yau kuwa suna amfani da injin jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook, wanda sojin Amurka suka yi aiki da shi tun zamanin yaƙin Biyetnam. Tsada ta sa jiragen ke ɗauke da sunayen kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu. Miss Budweiser, mai sunan kamfanin giya, ya shafe wajen shekara 40 yana fafatawa kafin a janye shi a 2004.

Wasan ya ci rayuka. A tseren farko na 1951 mutum biyu sun mutu lokacin da jirgin Quicksilver ya nutse. A rana guda a watan Yunin 1966 matuƙa uku suka rasu a Kogin Potomac. Mutuwar fitattun matuƙa biyu, Bill Muncey a 1981 da Dean Chenoweth a 1982, ita ta tilasta sauyi: daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara rufe mazaunin matuƙi da murfi irin na jirgin yaƙi samfurin F-16, tare da bututun iskar shaƙa. Tun daga nan jirage kan tashi sama su kife, matuƙi ya fito da ƙafarsa.

Su wane ne Blue Angels, kuma me ya kai su wurin biki?

Ga mafi yawan masu halarta a yau, tauraron bikin shi ne ayarin Blue Angels na rundunar sojin ruwan Amurka. Jirage shida ne samfurin F/A-18 Super Hornet masu launin shuɗi da ruwan zinare. Huɗu suna tafiya a dunƙule, a wasu lokuta tazarar da ke tsakanin fiffiken ɗaya da murfin matuƙin ɗaya ba ta wuce santimita 45 ba. Sauran biyun kan fuskanci juna a guje kamar za su yi karo, ko ɗaya ya sulalo ƙasa-ƙasa daga inda ba a zata ba da gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa. Suna fara atisaye a saman birnin tun kafin ranar buɗe wasan, don haka mazauna kan sha ƙarar kwana huɗu a jere.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. An kafa ayarin a 1946 bisa umarnin Admiral Chester Nimitz, shugaban rundunar sojin ruwa, a lokacin da yaƙi ya ƙare, ana zaftare kasafin tsaro, ana kuma shirin kafa rundunar sojin sama mai cin gashin kanta, wadda ta tabbata a 1947. Manufar ita ce kada jama'a su manta cewa sojin ruwa ma suna da jiragen sama, domin rundunar da jama'a suka manta da ita ba ta daɗe tana samun kaso mai tsoka a majalisa ba. Rundunar sojin sama ta mayar da martani da nata ayarin, Thunderbirds, a 1953.

Blue Angels sun zama baƙin Seafair na kusan kowace shekara daga 1972. Shekara guda bayan haka, a 1973, Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja. Daga wannan lokaci dole rundunonin su riƙa zawarcin kurata kamar yadda kamfani ke zawarcin ma'aikata, kuma abin ba ya zuwa da sauƙi. A shekarar kasafi ta 2022 rundunar sojin ƙasa ta gaza cimma adadin da take nema da kusan mutum 15,000. A ta 2023 rundunar sojin ruwa ta gaza da wajen 7,000. Shi ya sa a filin bikin za ka tarar da rumfunan masu ɗaukar sababbin sojoji, matuƙan ayarin kuma kan ziyarci makarantu da asibitoci a garuruwan da suka sauka.

Masu suka kan tambaya: mutum nawa ne suka shiga soja saboda sun kalli wannan wasa? Magoya baya kan amsa cewa yaron da ya ɗaga kai yana ɗan shekara takwas ba zai bayyana a ofishin ɗaukar soja ba sai bayan shekara goma, don haka ba abu ne da ake aunawa da lissafin shekara guda ba.

Wa ke biyan kuɗin?

Ƙungiyar da ke shirya Seafair ba ta gwamnati ba ce, kuma ba ta neman riba. Kuɗinta na fitowa daga tikiti, da hayar wurin ɗaure jiragen ruwa, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, sannan ɗimbin 'yan sa-kai ne ke yin aikin. Sai dai wannan lissafi bai ƙunshi ɓangare mafi tsada ba.

Albashin matuƙa da makanikai, da man jirage, da gyaransu, da horon hunturu da ayarin ke yi a El Centro ta jihar Kalifoniya, duk daga kasafin tarayya suke, wato daga aljihun mai biyan haraji, ko yana Seattle ko yana wani ƙauyen da jiragen ba su taɓa gilmawa ba. Masu shirya biki suna biyan ma'aikatar tsaro wani ɗan ƙayyadadden kuɗi a kan kowace ranar wasa, suna kuma samar da abubuwa irin su motoci da tsaron filin jirgi, amma wannan bai kama ƙafar ainihin abin da ake kashewa ba. Misalai biyu za su nuna girman lamarin. A 2018 rundunar ta bai wa Boeing kwangilar kimanin dala miliyan 17 don sauya fasalin jirage 11 su dace da wasan. A 2019 ta sayi jirgin dakon kaya samfurin C-130J daga rundunar sojin saman Birtaniya a kan dala miliyan 29.7, don jigilar ma'aikata da kayan aikin ayarin. Hujjar rundunar ita ce, matuƙan za su yi awannin tashi na horo ko da wasa ko babu, kuma jiragen na cikin tsofaffin da take da su.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dubi sunan da wasan saman ke ɗauke da shi, wato Boeing. An kafa kamfanin a Seattle a 1916, kuma ko da yake ya ɗauke hedkwatarsa zuwa Chicago a 2001, sannan zuwa jihar Virginia a 2022, manyan masana'antunsa na jiragen fasinja na nan a kewayen birnin. Shi ne kuma ke ƙera Super Hornet. Ke nan kamfani yana ɗaukar nauyin wasan da ake baje kolin hajar da ya sayar wa gwamnati, da man da jama'a suka saya. Babu dokar da aka karya a nan. Amma ya dace a kira abin da sunansa.

Akwai kuma kaso na uku, wanda ke kan hukumomin yankin: 'yan sandan tudu da na ruwa, da 'yan kwana-kwana, da masu tsaron gaɓar teku, da rufe hanyoyi.

Shekarar 2013 ta nuna matsayin wasan a ma'aunin gwamnati. Da taƙaddama tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa ta haifar da zaftare kasafi na bai-ɗaya, wasannin Blue Angels na cikin abubuwan da aka soke. An yi Seafair a wannan shekara da wani ayarin jirage mai zaman kansa, kuma biki bai watse ba. A 2014 aka dawo da su.

Abin lura ga ɗan jarida shi ne, ana sanin waɗannan alƙaluma ne saboda ma'aikatar tsaron Amurka tana wallafa manyan kwangilolinta a kowace ranar aiki, ƙungiyoyi marasa neman riba kuma doka ta wajabta musu bayyana bayanan kuɗinsu na shekara.

Me ya sa ake yin wasan a kan ruwa?

Dalilin shi ne jinin da aka zubar a baya. A ranar 28 ga Agustan 1988 jiragen ayarin Italiya uku suka yi karo a sansanin Ramstein na Jamus, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka mutu. A 2002 wani jirgin Su-27 ya kashe mutum 77 a filin Sknyliv na ƙasar Yukren. A 2015 wani tsohon jirgin yaƙi ya faɗo kan babbar hanya a Shoreham ta Ingila, mutum 11 suka rasu, cikinsu har da matafiyan da ba kallo ya fito da su ba.

Ƙa'idar hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta tanadi cewa jirage mafiya gudu su kasance aƙalla ƙafa 1,500, wato kimanin mita 450, daga layin 'yan kallo, kuma kada a yi wani juyi mai haɗari da ke fuskantar taro. Yankin da ake alkafura a samansa dole ya kasance babu kowa a ƙasa. A cikin babban birni, tafki ne kaɗai ke ba da irin wannan fili. Kafin wasa ya fara, jami'ai kan kori duk wani kwale-kwale daga yankin. A tsakiyar shekarun 1990 ayarin ya yi shekara biyu bai zo ba saboda batun wannan ƙa'ida, kuma bayan dawowarsa an shafe shekaru ana rufe gadar babbar hanyar I-90 da ke yawo a kan tafkin a lokutan wasa, har zuwa 2019 da aka matsar da fagen zuwa kudu.

Duk da haka haɗarin bai gushe ba. A 2007 jirgin ayarin ya faɗi a wata unguwa a Beaufort ta jihar Carolina ta Kudu, matuƙin ya mutu, wasu mazauna suka jikkata. A 2016 wani matuƙin ya rasu yayin atisaye a Smyrna ta jihar Tennessee.

Ga mai halarta kuwa, haɗarin da ya fi kusa yana ƙarƙashin ƙafarsa. Zurfin tafkin ya kai mita 65, ruwan ƙasansa yana da sanyi ko a tsakiyar zafi, kuma barasa tana yawo a cikin jiragen 'yan kallo. Jami'ai kan yi sintiri suna kama masu tuƙin jirgi cikin maye, kuma dokar jihar ta wajabta wa yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa sanya rigar kariya daga nutsewa a cikin ƙananan jirage.

Su wane ne ke adawa, kuma me suke cewa?

Jiragen suna tashi daga filin Boeing Field, suna kewaye ta saman unguwannin kudu maso gabashin birnin, irin su Beacon Hill da Rainier Valley. Waɗannan unguwanni ne da wariyar gidaje ta shekarun baya ta tara baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya a cikinsu, daga baya kuma suka karɓi 'yan gudun hijira daga Biyetnam da Somaliya da Habasha da Eritiriya. Ga wanda ya taso a ƙarƙashin ruwan bama-bamai, rugugin jirgin yaƙi a saman rufinsa yana tayar da tsohon miki. Haka yake ga wasu tsofaffin sojoji masu fama da raunin ƙwaƙwalwa na bayan yaƙi. Mai karatun da ya san abin da ya faru a Rann a 2017 ko a Tudun Biri a 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan.

Masu fafutukar kare muhalli suna nuni da man da ake ƙonawa don nishaɗi a birnin da ke alfahari da manufofinsa na sauyin yanayi, a yankin da hayaƙin gobarar daji ya zama baƙon kusan kowane lokacin zafi. Masu adawa da yaƙi kuma kan fita da ƙananan kwale-kwale ɗauke da kwalaye su tari jiragen ruwan yaƙi idan suna shigowa. Suna tunatar da cewa a sansanin Bangor, tafiya kaɗan daga birnin, akwai jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da makaman nukiliya.

Magoya baya ba su da ƙaranci, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Yankin yana da manyan sansanonin soji da dubban iyalai da ke rayuwa da albashin soja ko na masana'antar jirage. Otal-otal da gidajen abinci suna ciniki. A birnin da tsadar rayuwa ke korar talaka, wasan saman na cikin 'yan abubuwan da ɗan leburan gini da ɗan attajirin kamfanin fasaha ke kallo a lokaci guda. Kwana huɗu ne a shekara, in ji su.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ke yanke hukunci. Masu shirya biki ne ke neman ayarin daga ma'aikatar tsaro. Hukumar sufurin sama ta tarayya ce ke ba da izinin sassauta dokokin tashi, domin sararin sama na gwamnatin tarayya ne. Ikon hukumar birni ya tsaya a kan izinin amfani da filaye da tituna da 'yan sanda. Babu wani mataki a cikin wannan tsari da ke buƙatar ƙuri'ar mutanen da jiragen ke bi ta kansu. A San Francisco wani kansila ya gabatar da ƙudurin hana wasan a 2007, bai samu rinjaye ba. Inda aka ga tasiri shi ne kotu: a 2019 babban lauyan jihar Washington ya kai rundunar sojin ruwa ƙara a kan ƙarin zirga-zirgar jiragen Growler a tsibirin Whidbey, kuma a 2022 kotun tarayya ta ce rundunar ba ta yi cikakken nazarin tasirin lamarin ga muhalli da jama'a ba. Wannan shari'a ba ta shafi Seafair kai tsaye ba, amma ta nuna cewa ana iya tambayar runduna, a kuma tilasta mata amsawa.

Shi kansa tafkin shaida ne cewa ƙuri'a tana aiki. A shekarun 1950 ƙazantar bayan gida ta gurɓata shi har ana hana wanka a wasu gaɓoɓinsa. A 1958 masu zaɓe suka amince da kafa hukumar da ta karkatar da ƙazantar, aikin da aka kammala a 1968. Ruwan da ake tsere a kansa a yau jama'a ne suka zaɓi su biya kuɗin tsaftace shi.

Me ya shafe mu?

Mu ma muna da bukukuwan bakin ruwa, kuma sun girmi Seafair. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma tseren kwale-kwale na cikin wasanninsa. Yawuri tana da bikin Rigata a Kogin Neja. Muna kuma da shawagin jiragen yaƙi a bukukuwan ƙasa, kuma mun ɗanɗani ɗacinsa: ranar 28 ga Satumban 2018 jirage biyu samfurin F-7 suka yi karo a Abuja yayin atisayen bikin samun 'yancin kai, suka faɗi a tsaunin Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu.

Bambancin yana wajen takardu. Mazaunin Rainier Valley da ke ƙin jinin Blue Angels zai iya gano farashin jirgin dakon kayansu, ya karanta ƙa'idar tazara, ya je zaman majalisar birni ya yi magana. Bukukuwanmu kuwa gwamnatocin jihohi ne ke zuba musu kuɗin jama'a kai tsaye, kuma abin da aka fi fitarwa bayan an watse shi ne hotunan manyan baƙi. A masarautar Yawuri da ake Rigata, a watan Mayun 2021 wani jirgin fasinja da aka maƙare fiye da ƙima ya kife kusa da Wara, gomman mutane suka rasu. Rigar kariyar da ake gani a ranar biki ya kamata a gan ta a ranar kasuwa.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Kafin biki na gaba, ga abin da za a iya tambaya: nawa aka ware, nawa aka fitar, kuma a wane layi na kasafi? Wane kamfani aka bai wa kwangila, kuma ta wace hanya? Nawa ya isa hannun masunta da matuƙan kwale-kwalen da su ne bikin? Rigunan kariya nawa aka saya, kuma ina suke bayan an tashi? Idan jiragen yaƙi za su yi shawagi a saman taro, wa ya tsara tazarar, kuma an sanar da mazauna unguwannin da za a bi ta kansu?

Wata biyu bayan mirginawar Tex Johnston, kamfanin Pan Am ya yi odar Boeing 707 guda 20. Shi kuwa jirgin gwajin yana ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke kusa da birnin Washington, inda ake shiga kallonsa kyauta.